Taken Baba a Muryar Gem

Wata mai kawo mani ɗinki ce wayarta ta yi ƙara rannan, ina tsaka da auna mata kafaɗa. Wani ɗan siririn kuka ne, tit-tiri-tit, irin na akwatin gem na zamanin da. Sai da tef ɗin awo ya suɓuce daga hannuna. Kusan shekara talatin rabona da jin wannan muryar, amma na gane ta kamar yadda kike gane tarin mahaifiyarki a cikin taro. Matar ta ce manhaja ce ta haɗa kiɗa, ita da kanta ta shirya ƙarar da yatsa. Ban bar ta ta fita shagon ba sai da ta saka mani ita a wayata.

Gidanmu na Ƙofar Atiku gidan mahauta ne kaka da kakanni. Ina 'yar shekara tara wani mutumin Sabon Gari ya kama shagon da ke manne da katangarmu, ya zuba talabijin biyu da benci uku, ya buɗe gidan gem. Yayyena maza suka tare a can. Ni kuwa ko leƙe ba a yarda in yi ba, don ɗiya mace ba ta shiga cikin maza. To, an hana ni gani, amma ba wanda ya iya toshe mani kunne. Katangar ta ƙasa ce, kuma akwai wata kafa da gara ta yi a can sama.

Aikina a lokacin bazara shi ne gadin kilishi. Kakata, mahaifiyar Baba, ita ke shanya shi a kan karan dawa a gindin wannan katangar, ni kuma a ba ni tsumagiya in kori ƙuda da shirwa. Wanda ya san ranar Sakkwato a watan bazara ya san abin da nake faɗi. Ƙasa na gasa tafin ƙafa, ƙamshin ƙuli-ƙuli da citta na shiga har maƙogwaro, ga zufa na bin baya. A nan na haddace gem ɗin nan kaf ba tare da na taɓa ganin fuskarsa ba. Na san ƙarar tsalle, na san ƙarar cin nasara, na san wani kuka mai gangarowa ƙasa da ake yi in mutum ya faɗi. Har na kai ga gane wa ke riƙe da abin bugun. Babban yayana gaggawa gare shi, bai daɗewa sai ka ji kukan faɗuwa. Kakata kan tsuke baki ta ce aljanun akwati sun fara.

Akwai wani sautin kuma da na tashi da shi, wanda ya girmi gem nesa ba kusa ba. Kowane mahauci na kirki yana da takensa a kalangu, kuma layinmu na da makaɗinsa, wani dogon mutum mai faɗin kafaɗa. Duk safiyar Juma'a yakan tsaya a ƙofar gidanmu ya matse kalangu a hammata, ya kira Baba da shi. Kalangu magana yake yi. Abin da yake cewa Baba shi ne: ba ka yanka ramamme, ba ka kwana da nama. Baba mutum ne mai ɗaurarriyar fuska, za a iya yin mako ba a ga haƙorinsa ba. Amma da ya ji wannan kiɗan sai ya fito yana taku ɗaya-ɗaya, ya ɗaga wuƙarsa sama, yana dariya har kunne. Ni ina laɓe a bayan ƙyauren zaure. Wannan Baban na safiyar Juma'a shi na fi so, kuma ba na jin kunyar faɗi.

Wata rana ina gadin kilishi sai na tsinci bakina yana yin taken Baba da muryar gem. Ya zauna daram, hawa da saukarsa duka. Daɗi ya kama ni, na maimaita da ƙarfi. Ban ankara ba sai na ji bayan hannun Kakata a leɓena.

“Ɗiyar mahauci ba ta kiɗi,” in ji ta. “Mu aka yi ma kiɗi, ba mu ka yi ma wani ba.”

Na haɗiye kukana na ci gaba da korar ƙuda. Daga ranar ban sake yi a fili ba, amma a cikin kaina ban taɓa dainawa ba.

Shekaru suka ja. Kakata ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Gidan gem ya koma shagon cajin waya. Yayyena suna sayar da nama daga firiza, mai so ya kira su a waya, ba mai bukatar kalangu ya sanar da gari cewa an yi yanka. Baba kuma gwiwoyi suka kama shi, ya daina zuwa kwata, ya koma zaman zaure da carbi. In na je gaishe shi sai in tarar ya ƙura wa ƙofa ido. Da na samu manhajar nan, abin da ya fara faɗo mani shi ne takensa. Na gwada, sai na ga farkonsa kawai nake riƙe da shi, ƙarshen ya zube. Na tambayi yayyena, babu mai tunawa. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san shi cikakke, makaɗin layinmu, shi ma ya tsufa tukuf. In ya tafi, taken Baba ya tafi, tare da na sauran mahautan layin.

Na faɗa wa maigidana, ya yi dariya ya ce in je, ai ba sata zan yi ba. Na sami tsohon makaɗin kwance a inuwar dogonyaro, hannunsa na dama na rawa. Kalangun na rataye a ɗaki, ɓera ya ci fatar. 'Ya'yansa babu wanda ya ɗauka, ɗaya na kabu-kabu, ɗaya kuma ba ya ma son a tuna masa da sana'ar gidansu.

“Amaryata, mi yak kawo ki cikin ranag ga?” Haka yake tsokanata tun ina ƙarama.

Na ce taken Baba na zo nema. Na kunna masa ɗan abin da na haɗa. Tsohon nan ya yi dariya har da tari, ya ce sauro ne na kama na saka a waya. Amma da ya gama dariyar sai ya gyara zama, ya fara yi mani taken da baki.

Na san za ki ce me ya hana in naɗi muryarsa kawai in huta. Na naɗa. Sai dai numfashinsa ba ya kai ƙarshen layi, kuma take ba abin ajiya ba ne, abin kaɗawa ne. Za ki kuma ce ai akwai sautin ganga na sosai a waya. Na gwada su duka. Gangunan wasu mutane ne, bugu ɗaya murya ɗaya, ba su jin Hausa. Kalangu in an matse tsarkiyarsa muryar hawa take, in an saki ta sauka, da haka yake furta magana. Muryar gem ce kaɗai na samu mai lanƙwasa in na ja yatsa a kan fuskar waya. Mako shida ina zuwa wurinsa bayan azahar. In na kuskure sai ya bugi tabarma ya ce, “Matse shi, ɗiyag ga, awa wadda ba ta ci tuwo ba!” Ranar da ya yi shiru har na kai ƙarshe, na ga yatsunsa na hagu suna motsi a gefen haƙarƙarinsa, inda kalangu ke zama.

Kuskurena ɗaya, na tura wa ƙanwata don ta ji. Kafin kwana biyu ya zagaye dangi. Babban yayana ya kira ni yana huci, wai na mayar da taken Baba abin wasan yara. Baffana, ƙanen Baba, ya aiko in zo gida ranar Juma'a bayan la'asar. Na tarar da shi da yayyena jere a zaure, Baba a kan buzunsa.

“Ki goge abin ga gabanmu, ki ba mahaihinki haƙuri,” in ji Baffa. “Gidan ga ba a taɓa yin makaɗi ba, balle makaɗiya.”

Raina ya riga ya ɓaci. Shekara nawa kalangun nan na rataye ɓera na ci, babu namijin da ya taka ya je ya duba. Sai yau da mace ta ɗauko abin da suka yar suka tuna yana da daraja. Na durƙusa yadda ya kamata na ce, “Baffa, ka yi haƙuri, ba ni gogewa sai mai taken ya jiya da kunnenai. In shi yac ce in goge, yanzu na goge.”

Ban jira izini ba na danna. Siririyar muryar nan ta cika zauren: ba ka yanka ramamme, ba ka kwana da nama. Wani cikin yayyena ya yi tsaki. Ni Baba kawai nake kallo. Carbinsa ya tsaya. Da kiɗan ya ƙare sai ya dafa bango ya miƙe, ya shige cikin gida ba tare da ya dubi kowa ba. Baffa ya ce to, na ga abin da na jawo. Na koma gida ina hawaye a cikin keke, amma ban goge ba, tunda mai taken bai ce ba.

Washegari da hantsi ina kan keken ɗinki sai na ji sallama. Baba ne a ƙofar shagona, yana dogara sanda, da ƙunshi a hannu. Mutumin da ya shekara biyu bai taka kwata ba, ashe can ya sa aka kai shi da safe. Ya ajiye ƙunshin a kan teburin yankan atamfa. Tozo ne, yankan hannunsa, na gane daga yadda wuƙar ta bi. Na san ana yi wa makaɗa kyauta, amma sai ranar ya gaya mani cewa duk wanda ya kaɗa masa takensa cikakke, tozo ne rabonsa.

“An yi mini kiɗi,” in ji shi, “ni kau ban taɓa cin kiɗin kowa ba. Wanda duk yag ga abin kunya na, shi ɗauko kalangu shi koya.”

Ya zauna a bencin masu jiran ɗinki ya ce in ƙara kunna masa. Sau huɗu na kunna.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Baffa har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata, kuma akwai matan dangi da ke kirana makaɗiya in na juya baya. Su kira. Tsohon makaɗin ya rasu da daminar bara, amma kafin nan na karɓi take goma sha ɗaya daga bakinsa, wasu na mahautan da jikokinsu ba su ma san kakanninsu na da take ba. Na yarda ba kalangu ba ne, muryar akwatin wasa ce, kuma da akwai mai kaɗawa da hannu ni ce zan fara ba shi wuri. Babu shi. Yanzu duk Juma'a da safe nakan rufe shago in tafi Ƙofar Atiku, in tsaya a bakin zaure in ɗaga waya. Masu cajin waya su leƙo, masu tsaki su yi. Ni dai ba na motsawa sai na ji sandar Baba ta fara taɓa ƙasa daga ciki.