Boeta Moegsien, Ka Bar Mana Kaka Tana Tafiya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina zaune a bas ɗina a tashar Bellville, ana yayyafi, sai 'yarka Shamiela ta kira ni. Ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Sisi Nolitha, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika ɗazu da hantsi." Fasinjoji suna ta shigowa suna gaishe ni, ni kuwa na kasa tuna hanyar da na saba bi kullum. Haka labarin rasuwarka ya iske ni, Moegsien Galant, mutumin da dukanmu muke kira Boeta, wato Yaya, jagoran ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai masu raya tsofaffin kawunan jirgin ƙasa.

Boeta, ranar da na fara zuwa rumfar jiragenmu da ke hanyar Malmesbury, ban zo don aiki ba. Mahaifina leburan layin dogo ne, bai daɗe da rasuwa ba, ina neman inda zan ji warin da yake dawowa da shi gida. Na tarar da ƙafafuwanka kawai a waje, sauran jikin yana ƙarƙashin wani ƙaton kan jirgi mai dizal da tsatsa ta cinye. Ba ka tambayi sunana ba. Ka ce, "Wanda ke tsaye nan, miƙo mini spana." Na miƙa wadda ba ita ba. Ka fito, ka dube ni, ka ce, "Ƙanwata, ba ki san komai ba. Madalla, ba sai na wanke miki kai ba. Asabar ki zo da tsofaffin kaya."

Wannan kan jirgin kai ka raɗa masa suna Kaka, kuma tun daga nan kowa "ita" yake ce mata. Babu mai sonta a lokacin. Masu sha'awar tsofaffin jirage duk na kwal suke so, masu hayaƙi da tururi, waɗanda ke kyau a hoto. Sukan ce mai dizal akwatin ƙarfe ne kawai mai gurnani. Kai kuwa ka ce irinta ce ta kai iyayenmu aiki, ta kai alkama gari, ta kai gawarwaki gida, saboda haka tana da haƙƙi a kanmu.

Ka yi rayuwar aikinka a wurin gyaran jirage na Salt River, a zamanin da launin fatar mutum ke yanke masa iyakar da zai tsaya. Ka wanke jirage, ka shafa musu giris, ka kwance su ka ɗaura, amma kujerar direba ba taka ba ce. Cikin 'yan ƙungiyarmu akwai Oom Dawie, wato Kawu Dawie, tsohon direba, Bature, wanda ya taɓa korar ka daga ɗakin tuƙi kuna samari. Duk mun san labarin, domin kai kake ba da shi a gabansa lokacin shan shayi. Kakan ce, "Dawie, matsa mini, ko har yanzu benci na Turawa ne?" Shi kuma ya ce, "Zauna, tsohon banza, kafin gwiwoyinka su zaunar da kai." Na daɗe ban gane yadda kake iya wannan wasa ba. Da na tambaye ka, ka ce abin ya yi maka ciwo shekaru masu yawa, amma ran da ya zo har gidanka ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da hularsa yana neman afuwa, ka ga ba ka da sauran abin da za ka yi da ciwon.

Shekaru muka yi a kan Kaka, Asabar bayan Asabar. Akwai malamin makaranta, akwai mai sayar da magani, akwai ni direbar bas. Ka koya mana kankare tsatsa ba tare da ƙorafi ba. Idan lokacin salla ya yi, sai ka shimfiɗa kwali a gefen tarago, mu kuma mu ajiye guduma har ka idar, ba don ka taɓa neman haka ba.

Muna gab da tayar da ita aka yi mana ɓarna. Wata safiya muka buɗe rumfa muka tarar an fasa katangar baya, an yanke wayoyin jan ƙarfen cikinta kaf. A makon kuma masu filin suka sanar da mu cewa in ba ta motsa da kanta ba kafin ƙarshen shekara, za su miƙa ta ga 'yan gwangwan su yayyanka. Na ga manyan maza suna share hawaye. A taron da muka yi, wasu suka ce a haƙura, wasu suka ce a ƙara tsawon katanga a kawo karnuka, domin kowa ya ɗora laifin a kan unguwar bukkokin kwano da ke bayanmu.

Kai kuwa, ranar Lahadi ka ɗauki kwano cike da koesister, wani irin fanke da matarka Anti Galiema ke yi, mai zuma da kwakwa, ka ce in raka ka don in yi maka tafinta, tunda ina jin yaren mutanen unguwar. Muka zagaya katangar, muka shiga unguwar da ba mu taɓa takawa ba. Aka kai mu wurin Mama Nosipho, mai gasa nama, shugabar kwamitin unguwa. Ta saurare ka, hannu a ƙugu, sannan ta ce, "Shekara nawa kuna buge-buge a bayan kunnenmu? Sai yau da aka yi muku sata kuka san akwai mutane a nan?"

Ka ce, "Gaskiyarki, Mama. Mun makara. Ban zo neman waya ba, na zo neman maƙwabta."

Ta ce, "Da wannan ɗan kwanon?"

Ka ce, "Sauran yana rumfa. Sai an zo."

Wayoyin ba su dawo ba, ba mu kuma taɓa sanin wanda ya ɗauke su ba. Amma Asabar ta gaba Mama Nosipho ta zo, bayanta masu walda biyu da wani mai gyaran lantarki da ya rasa aiki. Inda aka fasa katangar, maimakon a toshe, ka sa aka yi ƙofa. Wani tsohon abokin aikinka ya ji labari ya aiko da wayoyin wani mataccen jirgi daga arewa. Muka yi ta ɗaurawa har hannuwa suka faffashe.

A cikin waɗannan watannin ne idon Oom Dawie ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi. Shi kaɗai ne mai lasisi a cikinmu. Ya zauna a rumfa, ya dube ka, ya ce, "Moegsien, hau. Zan koya maka." Ka haura shekara saba'in ka koma ɗalibi, kana haddace dokokin layi da tabarau biyu a hanci. Ka faɗi jarrabawa sau ɗaya, ka zo kana ba mu labari kana dariya, ka koma ka ci.

Ranar da Kaka ta tashi, cikin watan Disamba, tari ta fara yi, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan muryarta ta daidaita, ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Kana kujerar dama, Oom Dawie yana ta hagu a matsayin mataimakinka. Ka yi bisimilla, ka saki birki. Ina tsaye a bayanka. Oom Dawie ya ce, "A hankali, ba motar haya ba ce." Ka ce, "Yi shiru, yaron mota." Dukanku kuka kuke yi. Mutanen unguwa suka cika taragu biyu, mata suna guɗa, muka ratsa gonakin alkama da aka girbe.

Ba ka riƙe kujerar nan don kanka ba, ko da yake ka jira ta tsawon rayuwa. Tafiya kaɗan ka yi, ka fara cewa in zauna. Na ce ni bas na sani. Ka ce, "Mai iya haƙuri da fasinjojin Bellville, jirgi ba zai gagare ta ba." Ka koya mini jin nauyin taragu a bayana, da fara taka birki tun kafin ido ya ga dalili. Ba ka taɓa daka mini tsawa ba. In na yi kuskure sai ka yi gyaran murya, ka kalli taga.

Ciwon ƙirji ya kwantar da kai a farkon bana. Zuwana na ƙarshe asibiti, ka rame ƙwarai, amma tambayarka ta farko ita ce ko an canja man injin. Ka ce kada a rufe rumfa saboda kai ko da Asabar ɗaya, domin masu zuwa koyo in suka tarar da kwaɗo a ƙofa ba sa dawowa.

An yi jana'izarka bayan la'asar a ranar da ka rasu. Mu mata muna ƙofar gida muka ga an ɗauke ka a kafaɗa, layi ya miƙe har kwanar titi: 'yan masallacinku, tsofaffin ma'aikatan jirgi, masu waldan unguwa. Oom Dawie ba ya gani sosai, sai da aka kama hannunsa aka ɗora a kan makara.

Mun buɗe rumfa ranar Asabar kamar yadda ka ce. Mutum tara ne yanzu ke koyon aiki, huɗu mata. An kuma ba mu wani kan jirgin, ya fi Kaka lalacewa, har bishiya ta tsiro a cikinsa. Mun tsaya muna kallonsa, kowa na jiran wanda zai fara magana, sai mai gyaran lantarkin nan ya tuɓe rigarsa ya shiga ƙarƙashi.

A madadin ƙungiyarmu ina miƙa ta'aziyya ga Anti Galiema, wadda ta ba mu aron mijinta kowace Asabar ba ta taɓa yi mana gori ba, da Shamiela da ƙannenta, da jikoki, da jama'ar masallacin Kensington. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku.

Ni ba musulma ba ce, Boeta, amma na ji yadda naku suke roƙo, kuma da zuciya ɗaya nake maimaitawa. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya karɓi guminka a matsayin sadaka mai gudana. Mu da ka bari, Allah ya ba mu ikon riƙe abin da ka damƙa mana, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.