Mama Adiza da Kafofin Iskar da Aka Toshe

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Hajiya Adiza ta unguwar Barking ta rasu a asibiti, tana da shekara saba'in da ɗaya, bayan ciwon asma ya tsananta mata.

Mama, na san ki ne wata biyu bayan na gama jami'a. Kamfanin da ya ɗauke ni aiki yana manna wa tsofaffin gidaje alluna masu riƙe ɗumi ta waje, don a rage ƙona gas. Da na yi miki bayani cikin in'ina, kika yi dariya kika ce, "Ɗana, ka ce kawai za ku lulluɓa wa gida bargo."

Kwana goma sha tara ma'aikata suka yi a bangonki. Kullum sai kin miƙa musu shinkafa da wake ta taga, har wanda ya taka miki tukunyar na'ana'a. Su kuwa suka shafe kafofin iska huɗu na gidan da filasta, suka tafi.

A Nuwamba aka aiko ni auna laimar bangon gidanki. Bayan gadonki ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Kika ba ni haƙuri wai ɗakin bai kimtsu ba. Ke ce mai ba da haƙuri!

Ba zan ce fumfuna ce ta kashe ki ba, likita bai rubuta haka ba. Abin da na sani shi ne, shugabana ya ce in rubuta cewa yawan girkinki ne ya jawo laimar. Girkin da yaransa suka cinye. Ban rubuta ba, amma ban kuma miƙa gaskiyar ba, cewa toshe kafofin ne ya jawo laimar. Mako bakwai rahoton yana jakata saboda tsoron kora. Wannan ƙazantar tawa ce.

Gida goma sha ɗaya ne a layinku da irin wannan aiki. Jiya na miƙa wa ƙaramar hukuma rahoton, da hotunan kafofin, da sunana a ƙasa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanya Aljanna makoma. Mutawakil da Hansai, Allah Ya ba ku haƙurin rashin uwa. Ni kuma ku yafe mini mako bakwai ɗin nan.