Gare-garena a Ƙafar Keken Baba

Ranar wata Talata, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu a Gozaki, na dawo daga kai wa Baba abinci gona, na tarar da gare-garena tsakanin gwiwoyin Malam Iro mai gyaran keke, yana huda shi da ƙusa. Rim ne na tsohon keke, na goge shi da yashi da toka har yana ƙyalli, duk makarantarmu ba mai irinsa. Ƙafar baya ta keken Baba ce ta lanƙwashe da nauyin masara, sai Iro ya ce zai haɗa masa wata da rim ɗina da hob ɗin babur, wato cibiyar ƙafar, da sifoki, wayoyin ƙafa, masu kauri. Ramukan hob ɗin sun fi na rim yawa, shi ne yake ƙara wasu. Ba wanda ya tambaye ni. Da na fashe da kuka ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Kai, matsa can, ƙarfe ba na yara ba ne."

Na tsani mutumin nan, na tsani jajayen haƙoransa da yadda yake kaɗa sifoki da yatsa yana kasa kunne kamar mai gurmi. Abin haushin, ƙafar ta yi kyau. Buhu biyu take ɗauka ko gezau, manoma suka yi ta tururuwa rumfarsa, ni kuwa ina gara murfin tukunya yara na yi mini dariya. Ranar da Baba zai kai masara Malumfashi aka sa ni goge keken, na ɗauko filaya na sassauta sifoki shida a gefe ɗaya. Bai kai rabin hanya ba ƙafar ta naɗe, ya faɗa kwalbati, aka dawo da shi da karyayyen hannu ana tsakiyar girbi. Gari ya ɗauka: "Aikin Iro ne, wa ya ce a haɗa babur da keke?" Kafin damina Iro ya kwashe kayansa ya koma Maska. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Yanzu babura sun cika hanyar, yaranmu ba su ma san gare-gare ba. Har Baba ya rasu, duk lokacin da sanyi ya motsa masa hannun sai ya tsine wa Iro, ni ina zaune ban taɓa buɗe baki ba. Rim ɗin yana nan rataye a zaurenmu a lanƙwashe. An maido mini da abina, amma ban ƙara gara shi ba.