Ƙofar Yaya Sabo Ba Ta Da Kwaɗo

Jama'a, jiya na yi wani mafarki a barcin rana, har yanzu ya hana ni sukuni.

Sati uku ke nan ina fama da wani wasa a waya, irin wanda ba ka ganin kanka sai hannayenka biyu. An kulle ka a wani tsohon gida, ka ɗaga wannan, ka juya wancan, har ka gano abin da zai buɗe ƙofa. Ina son sa ne saboda babu mai yi maka magana, kuma kowace ƙofa da makullinta. Matata Balaraba ta ce wayar ta zame mini gona. Ta kuma san abin da nake gudu. Wana, Yaya Sabo, zai tashi aikin Hajji ranar Asabar, kuma rabonmu da magana tun ƙaramar Sallah, ranar da na ɗaga masa murya a gaban matarsa. Ina jira ya zo neman yafiya kamar yadda maniyyata ke yi. Shi kuma na san jira yake ƙaninsa ya zo yi masa bankwana, don ƙarami ke bin babba.

To, a mafarkin sai na gan ni a cikin wasan, amma gidanmu ne na gado. Na ɗaga turmi na sami makulli, na buɗe zaure. Na ja guga, sai ga wani makullin a ciki. Daɗi kamar ya kashe ni, ƙofofi sai buɗewa suke. Sai kawai tsakar gidan ta miƙe ta yi tsawo, mutane cikin fararen kaya suna wuce ni da jakunkuna, babu wanda ya kalle ni.

Sai kawai ga ni a ƙofar ɗakin Yaya. Babu kwaɗo, labule ne kawai, takalmansa a waje. Na duba ko'ina ina neman inda zan zura makulli, babu.

"Waye nan?" Muryarsa ce daga ciki.

Na so in yi sallama, sai na tuna a wasan nan ba a ba ka baki. Hannu kam ina da shi, zan iya yaye labulen, amma tun muna yara ba a faɗa wa ɗakin Yaya babu sallama. Hannun ya tsaya cak a iska.

"Waye nan?"

Na koma da gudu ina birkita gidan, na ɗaga tabarma, na kife randa, wai ko an ɓoye muryata a wani wuri. Ina ji Yaya ya tambaya karo na uku. Da na dawo, takalman ba sa nan.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni. Wallahi tsoro ya kama ni. Balaraba ta ce, "Malam, yatsanka sai dannawa yake, bakinka na motsi, amma ko uffan ba ka ce ba."

Idan wasan ya gagare ni, nakan duba yadda wasu suka wuce wurin. Wannan ban san inda zan duba ba, shi ya sa na kawo muku. Masu sani, don Allah mene ne fassararsa? Yawan wasa ne kawai ya bi ni barci? Ko nuna mini ake yi cewa in na bari Asabar ta wuce, wannan "waye nan" ita ce magana ta ƙarshe da zan ji daga bakin Yaya?