Tudun da Hallbera Ta Hana a Yanka

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, ina cikin gyaran tarakta Sturla ya kira ni ya ce mahaifiyarsa, maƙwabciyata Hallbera Ketilsdóttir, ta rasu a asibiti. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In shiga rumbu, in fito, in tsaya ina kallon gonarta.

Hallbera, kin tafi ana tsakiyar yankan ciyawa, kin kuma san abin da kika bar mini. Shekara da shekaru ni nake yanka miki ciyawar da tumakinki za su ci da sanyi. Kullum sai kin fito da kofi da busasshen kifi, ki nuna tudun da ke gindin baƙin dutse ki ce, "Wancan na maƙwabta ne, ka zagaye." Mutanen ɓoye kike nufi, waɗanda ake cewa suna zaune cikin duwatsu kamar aljanu. Na taɓa tsokanar ki ko kin taɓa ganin su. Kika ce, "Kai ma ba kullum nake ganin ka ba, ɗan nan, amma ban shiga gonarka da lauje ba."

Shekarar da ruwa ya ruɓar da ciyawa, kin gwammace ki rage tumakinki da ki taɓa tudun nan. A ɗan abin da ya rage miki kuma kika ɗibar mini.

Yanzu gonar ta koma hannun Sturla. Bayan jana'iza ya ce mini, "Ka yanke duka kawai, wa yake yarda da wannan yanzu?" Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka bari sai na koma birnin Reykjavík."

Ni ma ban taɓa cewa na yarda ba. Jiya na hau tarakta da niyyar cika umarninsa, amma da na iso tudun hannuna ya ƙi. Na kashe inji, na cire hula, na faɗa wa dutsen da babbar murya cewa kin rasu, don babu wanda ya kai wa mutanen ɓoyen labari. Sannan na zagaye. Baɗi ban san wanda zai hau taraktar ba, wannan ne yake hana ni sukuni.

Allah ya jiƙan ki, Hallbera, ya ba ki hutu a wurinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sturla, da jikokinki, da maƙwabtanki duka.