Azumin da Ilu Ya Ɗauka

Da moɗar randata muka fara faɗa da Ilu. Na fito daga ɗaki na tarar da shi tsugune yana ɗauraye sirinji a cikinta, abokinsa Muntaka na tsaye yana jiran a miƙa masa. Na ce, "Kai, ɗan nan, randar tawa ce ta zama kemis?" Ya ce, "Gwaggo, ai tsabta nake yi." Na jefe shi da muciya, na rantse ba zai ƙara taka mini zaure ba. Washegari ni na aika masa da tuwo.

Ilu ɗan ƙanena ne. Lodin shanu yake yi a kara, kasuwar shanun Maigatari, kuma ba a yi bijimin da ya gagare shi ba sai wani ja daga Damagaram da ya matse shi jikin mota ya karya masa ƙugu. Aka yi ta yi masa allurar kashe zafi. Ƙugu ya warke, allura ta zauna. Su huɗu suke yi a bayan kara da sirinji ɗaya, don a wurinsu wanda ya ƙi miƙa wa ɗan'uwa marowaci ne. Biyu daga cikinsu ƙanjamau ta riga ta kama su.

Matarsa Sauda ce ta ji labarin ma'aikatan lafiya a Gumel masu ba da wani magani na ruwa, metadon. Ba a ba ka ka tafi da shi gida, kullum da safe za ka je ka sha a gabansu. Na ce, "Wato a kori ƙwaya da ƙwaya?" Sai ga shi Ilu ya ajiye allura. Aka auna jininsa, lafiya lau. Wuyansa ya ciko, ya koma lodi, Sauda ta samu ciki. Muntaka na yi masa kirarin ɗan makarantar safe, shi kuwa sai ya yi dariya ya wuce.

Sai azumi ya kama. Shekarunsa na allura duk bai ɗauka ba, bana kuwa ya ce shi ma mutum ne. Ma'aikaciyar da ke ba shi maganin ta roƙe shi kada ya daina, malamin unguwarmu Malam Abdulƙahhar ya ce marar lafiya ya sha ya rama. Ni ma na ce, "Allah ya ɗauke maka, kai wa ya aike ka?" Ya ce, "Gwaggo, dube ni. Na yi kama da marar lafiya? In hau mota har Gumel da rana in kurɓi abu a gaban mutane?"

Ya daina zuwa. Jiki ya fara karkarwa, zufa, amai, ga shi ya ƙi karya azumin. Wata rana ana shan ruwa Muntaka ya zo da dabino da ƙanƙara, da sirinjinsa a aljihu.

Tun daga ranar Ilu ya ƙaurace wa ɗakin Sauda. Ta zo mini tana kuka, wai ya tsane ta. Ni na gane ya koma wa sirinjin nan, na ja shi Gumel da hannuna. Sai da aka auna sau biyu kafin ta nuna, ƙanjamau ta kama shi. Sauda da abin cikinta sun tsira, wannan kam shi ya yi musu.

An ba shi maganin ƙanjamau, an ce ya dawo kan metadon. Ya ce ba zai iya kallon ma'aikaciyar ba. Ya bi motar shanu zuwa Kudu, kuma kafin Sauda ta yaye yaron da ta haifa, direban motar ya kawo mana rasuwarsa.

Ranar tafiyarsa na bi shi har kara da sandata. Yana bisa mota tsakanin ƙahonni, ya ƙi duba ƙasa. Na ɗaga murya na ce, "Ilu, in ka sauka ka nemi asibiti kafin ka nemi masauki. Kuma in an haihu ni ba zan zaɓi suna ba, kai za ka zo ka raɗa."