Yaya Saratu, Wadda Damina Ta Riƙe a Chadi

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Yaya Saratu, kuma har yau ban ga kabarinta ba. Yana can kudancin Chadi, bayan wata majami'a mai rufin kwano, ni kuwa ina nan Madina, a unguwar Sultana, ina aikin ba da magani a asibitin da ya ɗauke ni tun ina amarya.

Saratu 'yar Inna Laraba ce, yayar mahaifiyata. Gidansu Kirista ne, namu Musulmi, a wani ƙauye kudu da Zariya, lokacin da wannan bai isa a tsaya ana magana a kansa ba. Ita ta goya ni. Da ta girma ta zama malamar firamare, ta yi aure, mijin ya rasu ba su haihu ba. Daga nan ne majami'arsu ta fara tura ta Chadi duk dogon hutun damina, ita da wasu, su kula da yara a wani gidan marayu. Na san bishara na cikin abin da ke kai ta. Ba ta ɓoye mini ba, ni ma ban ɓoye mata abin da nake gani ba. Mun sha musu a kai, amma ba mu taɓa rabuwa da fushi ba. Abin da na tabbatar shi ne, ba ta tambayar yaro addinin ubansa kafin ta miƙa masa kunu. Ɗa na kowa ne, in ji ta.

A shekarun nan babu waya a hannun kowa. Ran Juma'a bayan la'asar nakan je kabina, shagon buga waya da ke bakin titinmu, ita kuma ta shiga gari ta jira ni a ofishin fastonsu. A nan zafi kamar zai narka kwalta, a can ina jin ruwa na dukan kwano har ya rufe muryarta. Wata rana ta ce, "Binta, ke da kike cikin Larabawa, ƙananan nan wasunsu ba sa jin komai sai Larabcin ƙasar. Ya ake ce wa yaro kada ya ji tsoro?" Na tambayi maƙwabciyata Hajja Zara, dattijuwa da iyayenta suka zo daga Chadi aikin hajji suka zauna. Ta ce a ce masa "ma takhaf", sannan ta ƙara da cewa, "Amma ki gaya mata ta ɗauke shi tukuna. Maraya ba da kunne yake ji ba." Da na isar da saƙon, Yaya ta yi dariya har ta ƙware.

A daminar ƙarshe amai da gudawa ya shiga garin, ya faɗa gidan marayun. Aka ce baƙi su koma ƙasarsu. Abokan tafiyarta suka hau mota, ita ta ƙi. Ranar da muka yi magana ba ta tsaya gaisuwa ba, sai ta ce in sake gaya mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, domin na leda ya ƙare. Na gaya mata, na ce a tafasa ruwan, a riƙa ba su kaɗan-kaɗan ko suna amayarwa. Sannan na ce, "Yaya, don Allah ki dawo gida. Inna Laraba ba ta da kowa sai ke."

Ta ce, "Mama tana da ku. Waɗannan in na juya baya, wa zai ɗaga musu kai su sha?"

Juma'ar da ta biyo baya faston ne ya ɗauki wayar. Tun daga yadda ya kira sunana na gane.

Ban samu zuwa ko gida ba. Fasfona na hannun asibiti, kafin takardar fita ta fito an gama zaman makoki. A nan kuwa wa zan gaya wa? Matan 'yan Najeriya da muke zumunci sun zo, amma da suka ji ko wace ce, sai addu'ar ta tsaya musu a baki, suka ce Allah ya ba ni haƙuri, suka tashi. Ban ga laifinsu ba, ni ma ban san abin da zan faɗa ba. Hajja Zara ce kawai ta zo ta zauna da ni wuni guda, tana zuba mini shayi, ba ta ce komai ba sai, "Yi kukanki, ya binti, 'yata, jininki ce." Garin nan cike yake da jama'a dare da rana, amma ban taɓa sanin kaɗaici irin na makon nan ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Wayar da ke nuna fuska za ta burge ta, ita da garin da nake zaune bai halatta ta shigo ba, da ko falona ta gani. Amma na san za ta taɓe baki in ta ga matasan da ke zuwa gidan marayu su ɗauki hoto da yaro a kafaɗa, su juya kafin su san sunansa. Abin da zai fi yi mata ciwo shi ne ƙauyenmu, inda yanzu kowane ɓangare ya ja unguwarsa, jikokin mace ɗaya suna gaisawa kamar baƙi. An ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa ƙafar ce muka naɗe. 'Ya'yana da aka haifa a nan, in na yi musu zancenta da Hausa, da Larabci suke amsa mini, suna kiranta khala Saratu, wato inna, kamar wata ta cikin tatsuniya.

To me ya rage nata? Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba, Inna Laraba ma ta bi ta. Faston ya ce mini yawancin yaran da ta yi jinya sun tashi. Ban san sunan ko ɗaya ba. Yanzu sun zama magidanta, wataƙila sun manta fuskarta, kuma ba na jin hakan zai dame ta. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Lokacin aikin hajji mutanen Chadi kan zo tagarmu karɓar magani. In na ga wanda bai wuce shekara talatin ba, sai in ji tambaya ta taso mini, ko yana cikin yaran da Yaya ta yi jinya. Ban taɓa yin ta ba. Nakan miƙa masa maganin, in ce ya sha bayan ya ci abinci, in bi shi da kallo har ya fita.